Gwangwanin Malam

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ƙafar Baba? Yana shan maganin kuwa, ko har yanzu a aljihun riga yake tara shi? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. 'Yata Auta ta faɗi a makaranta ta kurje gwiwa, amma bakinta ƙalau yake, ba ya hutawa.

Na zaɓi in rubuto ne don na san halinki a waya. Kafin in kai tsakiyar zance kin katse ni da labarin majinyatanki, ita kuwa takarda dole ki bi ta har ƙarshe.

Saƙon Baba ya iso. Ki gaya masa lambar ta haura dubu ɗaya da ɗari huɗu. Don Allah ki sake yi masa bayani, wannan lamba ba albashi ba ce, ba kuma makin jarrabawa ba. Duk sanda wani mai bincike a ko'ina cikin duniya ya rubuta maƙala ya ce ya dogara da aikina, to an ambace ni sau ɗaya ke nan. Na ji har ya gaya wa abokan hirarsa wai mutum dubu da ɗari huɗu ne ke karatu a hannuna. Ni da ɗakin gwajina ba ya cin mutum goma! Amma ki bar shi ya ji daɗinsa, kwamitin da zai duba takarduna na zama farfesa ma kusan irin kallon Baba yake yi wa lambar. A ƙarshen wannan zangon za su zauna.

Kin sha tambayata abin da nake yi, kina kuma yin barci kafin in gama. To ga shi a gajarce. Akwai sinadaran da ba sa haɗuwa sai da dillali a tsakani, ya ƙulla su, shi ya fita ba abin da ya taɓa shi. Shi muke kira katalis. Dillalin da masu haɗa magunguna suka fi dogara da shi wani ƙarfe ne, faladiyam, mai ɗan karen tsada. Malam, wanda ya koyar da ni, shi ya girgiza duniyarmu shekaru ashirin da suka wuce da ya nuna gasasshen yumɓu ma zai yi wannan aiki. Maƙalarsa an ambace ta sau dubbai. Manyan maƙaluna huɗu a kan nasa aikin na ɗora su, kuma su ne suka kawo mini mafi yawan lambar da Baba ke alfahari da ita.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. An yi wa ɗakin gwajinmu fenti, aka kwashe kaya aka mayar, sai gwangwanin Malam ya ɓace. Tsohon gwangwanin biskit ne, cike da 'yan maburgai. Ɗan maburgin namu maganaɗisu ne mai farar rigar roba, bai fi doguwar ƙwayar magani ba, a jefa shi cikin kwalbar gwaji ya yi ta juyawa yana dama haɗin. Ranar da Malam ya yi ritaya ya danƙa mini gwangwanin a gaban kowa, ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ban taɓa sayen sabo ba sai da dole ta sa.

Yaya, tun da na sa sababbin nan yumɓuna ya yi yaji. Haɗin da nake yi ido rufe ya ƙi haɗuwa. Na zargi murhun gashi, na zargi ruwa, na yi wa mai kawo mana kaya tas a waya, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma wallahi sai na ga abin da ya tsamar da shi.

Ki gaishe da Baba, ki leƙa aljihunsa. Ki shafa mini kan 'yan biyu.

Taki har kullum,
Uwar Kwalabe

*

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji daɗin jin kumburin ƙafar Baba ya saɓe, Allah ya ƙara sauƙi. Ina fatan aikin asibiti bai gama da bayanki ba. Abban Auta yana gaishe ki, ya ce in gaya miki ƙanwarki ta koma cin abinci a tsaye.

An ga gwangwanin. Masu fenti ne suka cusa shi bayan firjin sinadarai. Na ɗauko ɗan maburgi ɗaya, wanda ya fi kowanne tsufa, duk jikinsa ya kakkarce ya yi toka-toka, na jefa a kwalba. Kafin a tashi aiki haɗi ya haɗu sumul, kamar ba a taɓa faɗa ba. Na yi murna har na ɗan taka rawa, don ba kowa a ɗakin.

A hanyar gida murnar ta koma ciki. Ina tsaye a cunkoson motoci na tambayi kaina, me ya haɗa maburgi da wannan magana? Aikinsa damu ne kawai. Sabo ya dama, tsoho ya dama, don me na tsoho zai yi na sabo ya ƙi?

Washegari na jera kwalabe uku. Ta farko yumɓu da sabon maburgi. Ta biyu yumɓu da tsohon maburgi. Ta ukun kuwa, Yaya, tsohon maburgi shi kaɗai, ko ƙurar yumɓu ban sa ba. Ta farko ta zauna shiru. Ta biyu ta yi. Ta uku ma ta yi, har ta ɗan fi ta biyu. Na zauna a kan doguwar kujerar nan ina kallonta, ɗan abin yana ta juyi abinsa ko a jikinsa. Na maimaita har na gaji da maimaitawa, amsar ba ta canza ba.

Na kai maburgin ɗakin na'urar da ke gano ƙarafa. Faladiyam ne maƙale a cikin karce-karcen rigarsa, ɗan mitsitsi, wanda ido ba ya gani, sabulu kuma ba ya fitarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kin san yadda ya shiga? Ɗabi'ar ɗakinmu ce tun zamanin Malam, duk gwajin yumɓu sai mun yi na faladiyam a gefensa don mu gwada wanda ya fi. Mu gama, mu wanke maburgan tas, mu zuba su gwangwani ɗaya. Malam ba ya yar da komai, ko igiyar ɗaurin kwali ninke ta yake ya ajiye. Ashe shekara ashirin muna yi wa yumɓu kirari, shi kuwa ƙarfen da muka ce mun kora yana laɓe yana yin aikin.

Ba wanda ya yi ƙarya, ki riƙe wannan. Malam bai sani ba, ban sani ba. Amma yanzu na sani, kuma a nan gizo ke saƙar.

Na kai wa Shugaban Sashe sakamakon. Ya tashi ya rufe ƙofa da kansa, ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce maƙalar Malam ita ce ginshiƙin sunan sashen nan, duk baƙon da ya zo ita ake fara nuna masa. Ya ce kwamitina ya kusa zama, kuma ba sa ƙirga maƙalar da aka janye. Ya ce in yi haƙuri a bar kaza cikin gashinta, in na hau kujerar farfesa sai a san yadda za a yi a hankali. Ya ƙara da cewa ai yawancin masu ambaton maƙalar ba gwadawa suke ba, a sakin layin farko suke jefa ta kamar gaisuwa su wuce.

Wannan ta ƙarshen gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba. Akwai masu gwadawa. Wata ɗalibar digiri na uku a wata ƙasa mai nisa ta rubuto mini kwanan baya, ta ce shekara uku tana gasa yumɓu ya ƙi yi mata, har mai duba aikinta ya fara cewa hannunta ne ba shi da kyau. Hannunta lafiya lau, Yaya, maburginta ne mai tsabta. Ta yaya zan shanye shayin Shugaba in bar yarinyar mutane tana zargin kanta har sai na hau kujera? Na gode masa, na bar masa shayinsa ya huce.

Kada ki gaya wa Baba tukuna. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Uwar Kwalabe

*

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya, Baba da yara da maigidan. Takardarki ta zo, na karanta faɗan da kika yi mini sau biyu. Kin ce taurin kaina tun ina tara kwalaben magani a ƙarƙashin gado ina haɗa tawada da sabulu bai bar ni ba. Kin ce wata uku kacal, me zai ci ni in na jira? Na san don kina so na kika faɗa. Amma in na jira aka ba ni kujerar, a kan me zan zauna? Kullum na shiga aji aka ce Farfesa ta iso, ni na san ɗan maburgi ne ya kamata a miƙe wa.

Abin da ya fi kwamiti yi mini nauyi shi ne Malam, don haka na je gidansa kafin in rubuta ko harafi ɗaya. Kin san matsayinsa a wurina. Shi ya ɗauko ni daga bencin baya ya koya mini riƙon kwalba. Lokacin rasuwar Inna kin ga yadda ya zauna kusa da Baba har aka watse. Na same shi yana ba shukokinsa ruwa, ya tsufa ƙwarai, hannun dama yana ɗan karkarwa. A falo, shafin farko na maƙalar nan yana rataye cikin gilashi, sama da hotunan jikokinsa.

Na durƙusa na gaishe shi, ya yi ta tsokanata wai na yi ƙiba da kujerar da ban hau ba. Da na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ajiye masa takardun sakamakon da ɗan maburgin a kan tebur. Ya sa tabarau ya karanta tun daga farko har ƙarshe, ya koma farko. Ya ɗauki maburgin ya juya shi a tafin hannu. Na jira ya yi faɗa, ko ya ce na yi kuskure, ko ya kore ni. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Sai ya tambaye ni gwiwar Auta.

Na ce masa zan rubuta abin da na gano, kuma ina roƙon ya sa sunansa tare da nawa, don duniya ta ga daga ɗakinmu gyaran ya fito. Ya ce shi bai taɓa sa sunansa a aikin da bai yi da hannunsa ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Daga nan ya ce in mayar masa da gwangwaninsa.

Yaya, na yi kuka a mota kamar ƙaramar yarinya. Kyautar da ya ba ni a gaban jama'a ce ya karɓe. Washegari na kai masa, matarsa ce ta amsa a bakin ƙofa, ta ce yana hutawa. Tun daga ranar na kira ya fi a ƙirga, ba ya ɗagawa.

Duk da haka na rubuta. Shafi huɗu ce kawai, ba ado ba kwalliya: ga kwalabe uku, ga abin da na'ura ta gani, ga yadda kowa zai gwada a ɗakinsa. Na yaba wa Malam inda ya cancanta, ban kuma ɓoye abin da ya faru ba. Na rubuta wa mujallun da suka buga maƙaluna huɗu na ce a janye su. Na aika wa ɗalibar nan kwafi tun kafin a buga, ta amsa da layi biyu da ba zan iya maimaita miki ba sai na sake kuka.

A sashe yanzu in na shigo ɗakin shan shayi sai hira ta mutu. Wani ma cewa ya yi na ci amanar wanda ya raine ni. Wannan ta soke ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma Malam ɗin ne ya koya mini cewa in kwalba ta yi magana, mai farar riga shiru yake yi. Ko ya manta, ni ban manta ba.

Na cire maƙalun huɗu daga shafina na intanet, don haka in Baba ya ce ki duba masa lamba a wayarki za ki ga ta zube ƙasa da ɗari uku. Ki zaunar da shi kafin ki faɗa masa. Ki ce ba a sace ba, ni na mayar da abin da ba nawa ba.

Taki mai taurin kai,
Uwar Kwalabe

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Yaya ƙafar? Yaya ta ce yanzu kana zuwa wurin hira ba sanda, na yi murna ƙwarai. Jikarka Auta tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran agogon da ka ce za ka gyara mata. Na sa Yaya ta karanta maka wannan a hankali, kada ta tsallake ko layi ɗaya.

Saƙonka ya same ni. Yaya ta ce da ka ji kwamiti bai ba ni farfesa ba ka ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ta ce abin da ya fi damunka shi ne sabuwar maƙalar, wata da watanni kana sa a duba maka ana cewa ba wanda ya ambace ta, sai makon jiya aka ga ɗaya tal. Ta ce ka girgiza kai ka ce a yi mini jaje, wai daga dubu da ɗari huɗu an dawo ana murnar ɗaya, har ka daina tayar da zancen a wurin hira. Baba, na karɓi jajen. Kujerar ta wuce ni a bana, kuma ya yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma Yaya lambar kawai ta gani, ba ta taɓa ta ta ga wane ne ba. Ni na taɓa.

Malam ne, Baba.

Ashe da ya karɓi gwangwanin ba fushi ya yi ya kai shi ɗaki ya ajiye ba. Wani tsohon abokinsa yana da ɗakin gwaji a wata makaranta, can ya riƙa zuwa a motar haya, da farar rigarsa da ta yi masa yawa yanzu. Matarsa ta ce sau biyu kwalba tana suɓuce masa ta fashe saboda rawar hannu, aka ce a kawo mai taimaka masa ya ƙi. Ya jera kwalabe uku kamar yadda na rubuta, ya gwada maburgan gwangwanin ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe. Bai ɗaga wayata ba don kada muryata ta shiga tsakaninsa da kwalba, haka ya ce.

Da ya gama ya rubuta wa mujallar da ta buga babbar maƙalarsa shafi guda, da sunansa shi kaɗai. Ya ce ya maimaita gwajin da hannunsa, yumɓu ba ya yin aikin da ya ce yana yi, a janye maƙalar. A ƙasan shafin, inda ake jera ayyukan da aka dogara da su, mutum yakan jera talatin ko hamsin. Shi kuwa maƙala ɗaya tak ya sa, tawa.

Jiya da hantsi ina tsakiyar aiki ya shigo ɗakin gwajin ba sanarwa, gwangwanin a hammata. Na rasa abin yi, na durƙusa da safar hannu da komai. Ya ce in tashi kada in zubar masa da asid. Ya buɗe gwangwanin, sababbin maburgai ne fal, kowanne cikin ledarsa. Ya ce wannan karon tsohuwar zuma ta yi tsami, in raba wa kowane gwaji nasa, wanda ya karce kuma in yar. Malam da bakinsa yana cewa a yar da abu! Matarsa ta gaya mini gilashin falon yana nan, amma ya cire shafin da ke ciki ya sa hoton jikarsa ta ƙarshe.

Bai tafi ba sai da ya leƙa kwalabena. Yumɓun nan ban rabu da shi ba, Baba. Da maburgi mai tsabta na ga yana ɗan motsi a wani haɗin daban, kaɗan ne ƙwarai, amma nasa ne na kansa. Malam ya daɗe yana kallon takardar, ya ce in maimaita sau goma kafin in gaya wa kowa. Na ce na riga na yi bakwai. Ya ce to saura uku, me nake jira. Ɗalibar nan ta ƙasa mai nisa ma za ta gwada a nata ɗakin, don kada mu sake yarda da gwangwani ɗaya. Zai ɗauki shekaru, na sani, kuma a shirye nake.

Don haka ina roƙonka, Baba, ka koma wurin hira da kanka a sama. In sun tambaye ka lambar 'yarka, kada ka yi ƙasa da murya. Ka ce ɗaya ce, ka kuma gaya musu wanda ya bayar da ita.

Allah ya bar mana kai. A sha magani, a daina ɓoye shi a aljihu.

'Yarka mai neman albarkarka,
Uwar Kwalabe